Shekarar da Aka Ce Na Bar Babanku

Luka, Maryamu, da kai Yusufu autana, wannan sashe ku karanta shi a zaune. Abin da ya sa na kawo shi yanzu shi ne maganar da jikata ta dawo mini da ita daga wajen biki a Tasawa. Wata tsohuwa ce ta kama hannunta ta ce, ai ke ce jikar Saratu, wadda ta yi yaji da furfura a ka. Yarinya ta zo tana tambayata ko gaskiya ne. To ku ji daga bakina, ni ban taɓa yin yaji ba. Babanku ya rasu ina matarsa, kamar yadda na shigo gidansa ina yarinya. Amma maganar tsohuwar nan tana da tushe, kuma tun da ku ba ku taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba, gara na rubuta tun hannuna yana riƙe alƙalamin bik.

Kun san ban shiga lakol, makarantar boko, ina ƙarama ba. Sai da na yaye Yusufu na fara riƙe alli, a ajin yaƙi da jahilci na matan ikkilisiya, ƙarƙashin itacen bedin da ke bayan majami'armu can kusa da Tchaké. Sauran mata da suka iya karanta littafin waƙoƙi suka tsaya nan, ni na ƙi tsayawa. Na bi darasin yamma a Mayahi, na zauna jarrabawa tsakanin yaran da na isa haifa, na faɗi, na koma, na ci. Kowa a gari ya san ina karatu, amma an ɗauke shi kamar kiwon tantabara, abin da mutum ke ɓata lokacinsa da shi ba ya cutar da kowa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa matar aure za ta je ta kwanta a ɗakin kwanan ɗalibai. Shi ya sa da na ci jarrabawar konkur ta shiga makarantar horar da malamai a Maradi, mutum ɗaya kawai na fara gaya wa, babanku Ishaya. Gero ya fara nuna lokacin. Yana zaune yana gyaran igiya, bai ɗago ba ya ce:

"Ki tahi. Maryamu ta dawo daga wajen kakarta ta riƙe mana tukunya. Amma abu guda, Maman Luka. Kar ki gaya ma kowa sai na sanar da Yaya Dauda da dattawa da bakina. In suka fara ji daga bakin mata, kin san abin da za a ce."

Na ga maganarsa daidai ce. Baba Dauda shi ne babba a gandu, gonakin gidan duk a hannunsa suke, kuma a lokacin ana maganar za a sa babanku cikin dattawan ikkilisiya kafin Kirsimeti. Na yi masa alkawari. Ku da kuka san bakina kun san abin da wannan alkawari ya ci mini. Ko kai Yusufu ban gaya maka ba, don na san kafin la'asar gari ya ji. Bayan ƴan kwanaki na tambaye shi ko ya yi maganar, ya ce ya yi. Na ce me Yaya ya ce? Ya ce ya ji. Na ce dattawa fa? Ya ce su ma sun ji, amma na ci gaba da yin shiru sai an sanar a majami'a. Ban sake tambaya ba. Mutumin da bai taɓa ce mini ya sayar da akuya alhali tana ɗaure ba, me zai sa na tuhume shi?

Sai na shiga shiri, kuma ban yi shi a ɓoye ba, tun da a sanina manya sun sani. Wata malama a Mayahi da ta taɓa yin makarantar ta gaya mini abin da ake zuwa da shi: katifa, gidan sauro, bokiti, kwano da cokali, da akwati mai kwaɗo. Akwatin da nake da shi ɗaya ne, na ƙarfe, wanda aka kawo ni da shi ranar aure. A garinmu akwatin auren mace ba ya ƙetare ƙofar gida sai auren ya mutu ko ita ta mutu. Na san haka sarai, uwata ce ta gaya mini ranar da ta rufe shi. Amma marfinsa ya yi tsatsa, maƙeri kuwa yana kasuwar Mayahi. Na juye kayan ciki a kan tabarma, na ɗage katifata daga gado don a ƙara mata auduga, na sauke kwanuka daga jere na zaɓi biyu. Ranar kasuwa na ɗora akwati da katifa a amalanken Agali, Buzun da ke zaune da iyalinsa gabas da garinmu, na hau na zauna a kai, muka ratsa tsakiyar gari da hantsi ina gaida mutane. Ina ta murna. Na daka ganyen kuka, na shanya zogale, na yi ƙuli-ƙuli, na ɗinka zanen gado. Da na ga mata suna yin shiru in na iso rijiya, na ce a raina labari ya fara fita, hassada ce. Da matar fasto ta ce na huta da bayar da waƙa a zumuntar mata, wata ta karɓa, na ce ai tana shirin wadda za ta gaje ni ne, har na gode mata. Ta kalle ni kamar na zage ta.

Ana saura kwanaki kaɗan a koma makaranta na kora awakina zuwa wajen Fatimatu matar Agali, don ta riƙe mini su cikin nata, kamar yadda ake yi in mutum zai yi nisa. Ni da Fatimatu mun daɗe tare, tana ba ni nono ina ba ta gero, ita tana sallarta ni ina zuwa majami'ata, kuma ita ma ba ta iya tauna magana ba. Ta ɗaure awakin, ta miƙo mini ƙwaryar nono, ta zauna ta zuba mini ido.

"Saratu, ni ban iya kewaye-kewaye ba. Mi mutumin nan ya yi miki?"

"Wane mutum?"

"Mijinki mana. Mu in aure ya ƙi, mace ta kwashe ɗakinta ta tahi, ba wani abu ba ne. Amma ku an ce mini ba ku saki. Yanzu kuma, da jika a hanya?"

Na yi dariya, na ce ke Buzuwa rana ta taɓa miki kai? Ba ta yi dariya ba.

"Gari duka ya sani. Kin fid da akwati, kin fid da katifa, yau ga awaki. Shekaranjiya Dauda ya zo ya ce ma Agali in an kwashe amfani shi kai dabbobi su kwana a gamanarki su zuba taki, don ya ba ɗansa ita, baɗi shi zai noma."

Gamana ita ce ƴar gonar da ake yankar wa matar gida ta noma abin kanta. Tawa na karɓe ta tana yashi zalla, da taki a kaina na mai da ita gona. Ƙwaryar ta zame daga hannuna nonon ya zube a zanena, ban ma ji sanyinsa ba. Na ce Fatimatu, makaranta za ni. Maradi za ni, na koyi aikin malanta. Ta ce to mijinki bai sani ba ne? Na ce shi ya fara sani. Ta kama haɓa ta ce, "La ilaha illallahu."

Ban bi ta gida ba. Na yanki gonaki kai tsaye zuwa gandu, karan gero yana yankar mini ƙafa. Na iske babanku shi kaɗai a ƙarshen gona yana ɗaure dami, sauran sun tafi cin abinci. Yana ganin fuskata ya saki igiyar.

"Ka gaya ma Yaya Dauda makaranta za ni?"

Ya sunkuya yana lalubar igiyar a ƙasa.

"Baban Luka, da kai nike. Ka gaya ma dattawa?"

"Na je zan faɗi. Na zauna gaban Yaya, maganar ta ƙi fita. Na ce sai gobe. Kafin goben kin fid da akwati."

"Da suka ga akwati ba su tambaye ka ba?"

"Sun tambaya."

"Ka ce mi?"

"Ban ce komi ba. Na sunkuyar da kai."

Na ce to ni fa, ba ni da baki ne, me ya hana dattawa su kira ni su ji? Na zauna a kan dami. Ya ce sun aiko shi ya kira ni, sun sake aikowa, ya koma ya ce musu na ƙi zuwa. Kuma Lahadi mai zuwa za a sanar an sa ni horo, wato a hana ni jibin Ubangiji, na koma bencin baya sai na tuba. Ina kallon bakinsa yana motsi, bakin da na sani fiye da nawa, ina jin kamar wani baƙo ne ya ari fuskarsa. Ban yi ihu ba. Ni da ake jin muryata daga rijiya, ranar da ƙyar na iya cewa, don me?

"In aka ce kin bar ni, tausayina za a ji. In aka ce matata ta tahi lakol ta zauna benci da yara, ni ina gida ina jiran hutun bakans kamar uban ɗalibi, dariya za a yi. Tausayi na iya ɗauka, Maman Luka. Dariyar ce ban iya ba."

"Sai ka zaɓi a ce ni ce na kashe aure."

"Ki yi haƙuri ki ɗauki horon. Ai ba ki nan ma. Kafin ki dawo ƙura ta lafa, an naɗa ni, sai na gyara maganar sannu a hankali. Ba wanda zai tuna."

Ba wanda zai tuna. Ga shi yau tsohuwa a Tasawa ta tuna, bayan ma an fayyace gaskiya a gaban jama'a. Ku auna da a ce na yi shiru.

Kwanakin da suka rage kafin Lahadi na dafa masa abinci, na kai masa ruwan wanka, ban ce masa uffan ba. Ba fushi ba ne, mamaki ne ya riƙe mini harshe. Ina ɗaure ƙuli-ƙuli a leda sai na tsinci kaina tsaye riƙe da ledar ban san tun yaushe ba. Na yi tunanin na je wajen fasto a keɓe, amma fasto ba shi kaɗai yake yanke magana ba, kuma abin da gari duka ya ɗauka ba a cire shi a ɗaka. Na yi tunanin na fasa tafiyar ma. In na fasa, za a ce ta yi niyyar guduwa dattawa suka tanƙwara ta. Na yi tunanin na ɗauki horon kamar yadda ya roƙa. Sai na tuna ke Maryamu, lokacin an fara zuwa tambayarki, kuma na san yadda ake auna yarinya da uwarta. Da safiyar Lahadi na ce masa magana ɗaya: ka tashi ka faɗa da kanka kafin a kira sunana, ni ba zan buɗe baki ba. Ya ɗauki Littafinsa ya fita.

Majami'armu ta lokacin ƙarama ce, ta laka, maza a dama mata a hagu, in mutum ya yi tari kowa ya san waye. Ranar ta cika har taga, har waɗanda ba su zuwa sai Kirsimeti sun zo. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi a kan haƙuri a cikin gida, ina jin idanu a ƙeyata. Da aka zo sanarwa fasto ya miƙe da fuskar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Na kalli ɓangaren maza. Babanku yana benci na biyu, ya kafa ido a kan yatsun ƙafarsa. Fasto ya ce, da baƙin ciki dattawa suke sanar da ikkilisiya game da ƴar'uwarmu Saratu. Sai na ji ni a tsaye.

"Ishaya, tashi ka gaya musu."

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Yesu!" Baba Dauda ya daka mini tsawa na zauna. Na ce Yaya, ba a taɓa kirana na ƙi zuwa ba, yau da na zo da ƙafata a bar ni na yi magana. Na sake kallon babanku. Bai tashi ba. To sai na faɗa. Na ce ban bar mijina ba, ban yi niyyar barinsa ba, makarantar malamai na ci a Maradi, jibi zan tafi, da izininsa, kuma shi ya ce na yi shiru har ya sanar da manya.

Can sai wani tsoho mai kurma-kurma da ke gaba ya juya ya tambayi na kusa da shi da ƙarfi:

"Mi ta ce? Lakol? Ita? To Ishaya ne zai riƙa kai mata fura da hantsi?"

Wani ya tuntsire. Sai dariya ta kama, daga ɓangaren maza ta tsallako na mata, har yara na taga da ba su san abin da ake wa dariyar ba. Wasu dariyar sauƙin zuciya suke, don aure bai mutu ba, amma wanda ake wa dariya ba ya tantance wannan. Na ga wuyan babanku yana ƙara shiga cikin rigarsa. Abin da ya ce za a yi, shi aka yi, daidai yadda ya faɗa, kuma na tsaya ina kallo ba abin da zan iya. Fasto ya ɗaga hannu har aka yi shiru. Ya ce, Ishaya, abin da matarka ta faɗa gaskiya ne? Sai a lokacin ya tashi, yana dafe da bencin gaba.

"Gaskiya ne."

"Da muka aike ka ka kira ta, ka kira ta?"

"Ban kira ta ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Horon da aka shirya mini, a kansa ya sauka, saboda ƙarya ga dattawa. Ya yi zamansa a bencin baya har aka ɗage masa, amma maganar naɗa shi dattijo ba ta sake tasowa ba har ya koma ga Ubangiji. Gamanata kuwa ba ta dawo ba. Baba Dauda ya ce ya riga ya bayar, shi ba ya lashe maganarsa saboda mace mai tsayawa a majami'a ta kira sunan miji. Daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa iska. Kun sha tambayata me ya sa ba ma zuwa gidansa cin abincin Kirsimeti kamar sauran dangi. To kun ji.

Da muka koma gida babanku ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Washegari ya fita gona tun da sassafe, ya dawo bai dube ni ba. Ni kuma na gama ɗaure kayana. Kar ku ɗauka ina jin daɗi. Abin da na yi shekaru ina nema ga shi a hannuna, amma bakina ɗaci kamar na tauna bedi. Duk da haka in aka mai da ni wannan Lahadi, zan sake tashi. Na ba shi dama ya faɗa da kansa, a gona na ba shi, da safe na ba shi, a tsaye a majami'a na ba shi. Sunana kuwa ba nawa ni kaɗai ba ne, ku ma da shi ake kiranku.

Ranar tafiya Agali ya kawo amalanke. Maryamu ta iso daga wajen kakarta a Maijirgi tun da dare, tana tsaye bakin ƙofa tana kuka, Yusufu yana riƙe da bokitina ya ƙi saki. Babanku ba ya gida. Fatimatu ce ta taya ni ɗora kaya, matar fasto ta zo da sabulu a ƙulle a gefen zane, ta miƙo mini ba ta iya haɗa ido da ni ba. Hanyar Mayahi ta bi ta gefen gandu, kuma kaka ce, duk gonakin da ke bakin hanya cike suke da mutane. Suna ganin amalanke suka miƙe daga sunkuyo. Na hango babanku can ciki, ya ba hanya baya yana yankan gero. Na ce a raina shi ke nan, haka za mu rabu. Har mun gota shi sai na ji Agali ya tsai da jaki. Babanku ne yake tahowa ta cikin kara, ba sauri, wuƙar yanka a hannunsa, Baba Dauda da ƴaƴansa da maƙwabta duk suna kallo. Ya zo ya zagaya amalanken, ya ja igiyar da aka ɗaure kayan da ita, ya ce wa Agali wannan ɗaurin ba zai kai Mayahi ba. Ya kwance ta gaba ɗaya ya sake ɗaurewa, ya taka ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Wani daga gonar gefe ya ƙwala, "Ishaya, ka ba ta kuɗin alli?" Aka yi dariya. Bai waiwaya ba. Ya gama ƙulli, ya tsaya kusa da ƙafata yana kallon kunnen jaki.

"An ce ruwan famfo yana ɓata ma baƙo ciki. Ki riƙa tafasawa."

Na ce, "To."

"In an ba ku bakans ki aiko, na zo tasha."

Na ce, "To, Baban Luka."

Ya koma cikin geronsa, ta tsakiyar masu dariyar, Agali ya kaɗa jaki muka tafi.